Yini a bakin tafki a ƙasar Sakkwato: lokaci, shiri da abubuwan da ke ɓata tafiya

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu ne bakin ruwa ke da daɗin zama a ƙasar Sakkwato. Damina ta wuce, tafkuna sun cika sun kwanta, sauro ya ragu, fadamu kuma sun yi kore shar da albasa da alkama a daidai lokacin da tudu ya bushe ya yi ja. A watannin nan ne tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai suke sauka a bakin ruwa su haɗu da na gida. Da Maris ya kama labari ya canza: zafin rana yakan haura digiri 40, ruwa ya ja da baya ya bar laka, wanda ya zauna a fili da azahar wahala kawai ya je sha. Tsakanin Yuli da Satumba kuwa ba mu ba kowa shawarar fita yawon shan iska a kan ruwa ba, saboda gulbi na gudu, hadari na tasowa babu sallama, hanyoyin ƙauye kuma sun jiƙe.

Wuri uku aka fi zuwa. Tafkin Kware shi ne mafi kusa, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba daga birni a kan hanyar Illela, kuma shi ya fi dacewa da mai fitar farko ko mai tafiya da yara. Sai madatsar Lugu da ke kusa da Wurno, inda za ka iya haɗa fita bakin ruwa da ziyarar garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna, ya rasu a 1837, kabarinsa kuma yana can. Na uku shi ne madatsar Goronyo a kan gulbin Rima, kimanin kilomita 90 daga Sakkwato, wadda aka gama ginawa a 1984. Bangonta na ƙasa ya kai mita 21 a tsaye, tsawonsa ya haura kilomita 12, tana ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Idan ta cika, mai tsaye a gaɓa ba ya hango ɗaya gefen sosai, musamman ranar da hazo ya sauka.

Goronyo ta fi sauran girma da ban sha'awa, amma ita ce ta fi bukatar tunani. Yankin gabashin jihar, daga Goronyo zuwa Sabon Birni da Isa da Rabah, ya sha fama da 'yan bindiga, kowa kuma yana tune da harin da aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021. Don haka kada ka ɗauki labarin makon jiya ka kama hanya. Kira wanda ke zaune a garin da daren da za ka tashi, ka sake kiransa da asuba, ka kuma tambayi direbobin tasha da suka bi hanyar jiya. Idan bakinsu bai zo ɗaya ba, juya ka nufi Kware. Kwana a daji a bakin ruwa kuwa, a halin da ake ciki, a bar shi gaba ɗaya ko a ina ne. Wanda dare zai yi masa ya kwana cikin gari wurin wanda ya sani.

Sallama kafin shimfiɗa tabarma

Tafkin da kai ka ɗauka wurin hutawa ne, ga mutanen wurin gona ce, mashaya ce, kuma kasuwa ce. Kowane lungu da mai shi: nan wani ya kafa taru tun jiya, can wani ya jera gura a cikin ciyawa, gaba kaɗan burtali ne da shanu ke bi su sha ruwa. Baƙon da ya sauka daga mota ya wuce kai tsaye bakin ruwa shi ne yakan taka wa mutane kaya ko ya afka rami.

Fara da gidan hakimi ko ka nemi Sarkin Ruwa. Goro kaɗan da magana mai daɗi sun isa: "Ranka shi daɗe, mu baƙi ne daga birni, mun zo shan iska da ɗan fatsa, ina ya kamata mu zauna?" Ka tambayi abu huɗu ƙarara: ina ne zurfi ya fara, ina ne laka ke riƙe ƙafa, akwai kada ko wata dabbar da ake gudu a wannan ɓangaren, kuma wane matuƙi ne za a iya amince wa. Galibi za a haɗa ka da saurayi guda ya zauna da ku. Ku yi cinikin ladansa tun da farko, ku ci abinci tare da shi. A Goronyo akwai ƙari, domin madatsar tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, akwai kuma jami'an tsaro. Nemi izini kafin ka hau bango ko ka ɗauki hoton ƙofofin ruwa, kada kuma ka tashi jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi a can.

Mota da inda za a zauna

Abin da ya fi kama baƙi shi ne laka. Ƙasar fadama idan ruwa ya ja takan bushe a sama ta tsattsage kamar ƙanzon tuwo, alhali ƙasanta danye ne sharaf. Mutum zai taka ta ɗauke shi, mota ta hau ta nutse har ciki. Ajiye mota a kan tudu inda ƙasa take ja ko yashi mai tauri, ko da zai sa ku ɗauki kaya a ka mita 200. Juya kanta ta fuskanci hanyar fita tun kafin ku sauke kaya. A cikin but a sami shebur, katako biyu masu kauri, jak da taya mai iska. Idan ta kafe kada direba ya yi ta taka totur, haƙa rami kawai yake ƙara yi. A ɗaga da jak bisa katako, a cusa ƙirare ko duwatsu ƙarƙashin taya, a fita a hankali da giya ta biyu. Kada a ratsa gonar rani da mota: tiyon ban ruwa na kwance cikin shuka, fasa guda ɗaya ya isa ya ɓata muku yini da mai gona.

Wurin zama a zaɓi inuwar gawo ko dogon yaro ko tsamiya, nesa da ruwa da kamar taku ashirin. Gawo yana da ganye da rani, inuwarsa ba ta da nauyi amma tana wadatarwa, sai dai a share ƙaya kafin a shimfiɗa. Ɗaga kai ka duba reshe, domin akan rataya amya a manyan itatuwa, hayaƙin gashi kuma yana tayar da zuma. Duba ƙasa ma: inda ka ga sawun kofato da kashin shanu da yawa mashaya ce, da hantsi garke zai iso, kuma ba zai kauce wa tabarmarka ba. Kada a zauna dab da kachalla ko tarin ƙirare, nan macizai ke fakewa.

Kayan da za a ɗauka ba su da yawa in an yi lissafi. Ruwan sha lita 4 ga kowane babba, ko da ana sanyi, domin iskar hunturu tana busar da jiki ba tare da mutum ya ga gumi ba. A ƙara jarka guda mai lita 20 ko 25 ta ruwan famfo don alwala, wanke hannu da wanke kifi. Sai tabarma, buta, hula mai faɗi ko malafa, takalmi rufaffe saboda ƙarangiya da kunama, rigar sanyi ta safe, man shafawa don leɓe da ƙafa, tocila, wuƙa, igiya mai ƙarfi mita 15 zuwa 20, da buhu na kwashe shara. Abinci wanda ba ya lalacewa da wuri: kilishi, ƙuli-ƙuli, dabino, gari da suga, burodi. Fura da nono a sha ta kafin azahar, in ta daɗe a mota tsami take yi. A akwatin magani a sa farasitamol, bandeji, auduga, maganin wanke ciwo da ƙullin gishiri da suga na asibiti. In babu, a haɗa da hannu: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Shiga kwalekwale

A nan ne ya kamata a fi tsayawa, domin a nan ake rasa rai. A Afrilun 2022 kwalekwale ya kife a ƙaramar hukumar Shagari, yara 29 suka rasu. Irin wannan hatsari kusan kullum sanadinsa ɗaya ne cikin uku ko duka: lodi ya yi yawa, jirgi ya tsufa yana shan ruwa, babu rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sa rigar, ta kuma hana tafiyar dare, amma a mafi yawan mashigai ba za ka tarar da rigar ba. Saya taka a birni ka tafi da ita. A ɗaure ta sosai, a gwada ta hanyar kama kafaɗunta a ja sama: in ta haura kunne ta yi yawa, a ruwa za ta zame ta bar mai ita. Ta yaro dole ta zama ta yaro, mai maɗauri ta tsakanin ƙafafu.

Kafin kowa ya shiga, duba cikin jirgin. Ɗan ruwa a ƙasa ba komai ba ne, kwalekwalen katako ba ya rasa shi. Amma a kwashe shi tas a jira minti biyar, in ya dawo da yawa a nemi wani. A tabbata akwai abin kwasar ruwa, ƙoƙo ko yankakkiyar jarka, da filafili na biyu. Bayan kowa ya zauna, auna tsakanin bakin jirgi da ruwa: in bai kai taƙi guda cikakke ba, wani ya sauka. Kada ka bari kunya ko "ai kullum haka muke yi" ta sa ka yi shiru. Matuƙin ya iya ruwa tun yana yaro, kai ne ba ka iya ba.

Ana shiga ɗaya bayan ɗaya, a duƙe, hannu biyu riƙe da gefe, ƙafa a tsakiyar jirgi. Masu nauyi su zauna tsakiya, a ƙasa. Ba a miƙewa tsaye don hoto, ba a canza wurin zama a tsakiyar ruwa, kuma in wani abu ya ja hankali a gefe guda kada kowa ya karkata can lokaci ɗaya. Babbar riga da zani mai yawa da mayafi mai tsawo suna shan ruwa su naɗe ƙafa, don haka a shiga da kaya marasa nauyi. Waya a cikin leda biyu a ƙulle.

Lokaci ma yana da muhimmanci. A Disamba da Janairu rana tana fitowa wajen ƙarfe 7, ruwa kuma yakan kwanta lumui da sassafe. Da hantsi iskar hunturu ke tasowa daga arewa maso gabas, a ruwa mai faɗi irin na Goronyo sai ta tara taguwa mai mari gefen jirgi. Saboda haka a yi yawon jirgi tsakanin 7 da 10, a bi gefe-gefe, kada a ratsa tsakiya. In iska ta same ku, matuƙi zai fuskantar da goshin jirgi ga taguwar, ku kuma aikinku zama ƙasa da kwasar ruwa. Ranar da hazo ya yi kauri har gaɓa ta ɓace, a haƙura.

In jirgi ya kife, kada a bar shi. Katako ba ya nutsewa da wuri ko ya cika da ruwa, kuma daga nesa an fi hango jirgi a kan kan mutum. Gaɓa kullum tana yi wa ido kusa fiye da yadda take. Wanda ke tudu ya ga wani yana nutsewa kada ya yi tsalle ya bi shi sai in gwani ne, domin mai nutsewa yana ƙanƙame duk abin da ya kama, shi ya sa sau da yawa ake ciro gawa biyu. A miƙa masa gora, ko a ɗaura igiyar nan a hannun jarkar da babu komai ciki, a rufe bakinta gam, a jefa masa. Jarka mai lita 20 tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa in ya rungume ta. A madatsa kuma akwai wuri biyu da ba a kusanta ko kaɗan: gaban ƙofofi inda ruwa ke zuƙa, da bayansu inda yake fita. Ana iya buɗe ƙofa a saki ruwa, wurin da ke iya gwiwa ya koma iya wuya cikin ɗan lokaci.

Wanka kuwa, shawararmu a bar shi. Ruwan da ke kwance mai ciyawa da bado gidan ƙananan katantanwa ne masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, kuma ƙwayar ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Tsayawa a ruwa iya ƙauri ma ya isa. Alamar takan ɓoye makonni kafin a ga jini a ƙarshen fitsari. Wannan ne dalilin jarkar ruwan famfo don alwala. In dole sai an yi amfani da na tafki, a tafasa shi, ko a ɗebe a ajiye kwana biyu. Wanda ya riga ya shiga ya je asibiti a gwada fitsarinsa bayan wata biyu, maganin yana nan kuma da nauyin jiki ake auna shi.

Fatsa da gashi

Ba sai da sandar kanti mai tsada ba. Gora mai tsawon mita 3 zuwa 4, zaren roba daidai tsawonta, ƙugiya, 'yar dalma mai nauyi taƙi guda sama da ƙugiyar, da abin yawo a sama da aka yanka daga tsohon silifas ko ɓargon kara. Kuskuren masu koyo shi ne babbar ƙugiya. Karfasa bakinta ƙarami ne, sai ta yi ta tsinke koto tana barin ƙarfe. Sa mata ƙarama da tana, a rufe kaifin duka. Tarwaɗa kuwa a ƙasa take kiwo, tana bin wari, don haka a ba ta hanjin kaza ko ɗan yankan kifi a ƙugiya matsakaiciya, a matsar da abin yawon sama har koto ya taɓa ƙasa. Watsa dusa cikin hannu biyu a wuri guda ka jira kwatan awa, kifi zai taru. Zauna shiru, kada inuwarka ta faɗa kan ruwan.

Da sanyin asuba na hunturu karfasa ba ta cika ci ba, sai rana ta ɗan ɗumama ruwa. Tarwaɗa ta fi ci da yamma. In ka ciro ƙurungu yi hattara da ƙayoyinsa uku, na baya da na gefe biyu, yana kafe su kuma sukarsu na da zafi ƙwarai. Kama shi da tsumma ta bayan ƙayoyin. Minjirya kuma, mai santsi da taushin jiki, tana jan mutum kamar lantarki, a yanke zaren kawai a bar ta. In ƙugiya ta shige yatsa har ƙayar bakinta ta nutse kada a fizge ta baya, a yanke zaren, a rufe, a tafi asibiti, a kuma yi allurar tetanus. Ƙananan kifi a mayar da su. Zuba guba a ruwa don kama kifi laifi ne a doka, yana kuma kashe har ƙwai.

In fatsa ba ta yi ba, masunta suna fitowa da kamun dare da sassafe, saya a hannunsu. Duba ido ya zama garau, cikin kunne ja, nama in an danna ya dawo. A fede nan take, a wanke da ruwan jarka, a tsaga jiki sau uku kowane gefe, a shafa gishiri da lemun tsami da yajin ƙuli da ɗan mai. Gawayi ake jira ya yi fari, ba a ɗora kifi a kan harshen wuta. Karfasa mai girman tafin hannu minti 7 zuwa 10 kowane gefe ta isa, a juya sau ɗaya tak, in an yawaita juyi fata ke mannewa a waya ta yage. Kafin a hura wuta a share ciyawa taku biyu ko'ina, domin da rani tartsatsi guda ke cinye tarin harawar wani. In an gama a kashe da ruwa, a tona a tabbata, ba a rufe da ƙasa a tafi ba, yaro ko akuya na iya takawa.

Mai son kallon tsuntsaye ya zauna rana tana bayansa, cikin kaya marasa haske. Zai ga zalɓe tsaye cikin ruwa ba motsi, balbela na bin shanu, kirinjijiya na tashi garke guda da kukanta mai kama da fito, zakaran ƙeƙuwa kuma na ta ƙara idan an matso inda yake. Shamuwa ba ta nan a wannan lokacin, sai gab da damina. A bar danƙo a gida.

Saran maciji shi ne ɗaya abin da ke bukatar a san matakinsa tun kafin ya faru. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, dafinta yana hana jini daskarewa, kuma mutum na iya jin sauƙi da farko alhali aikin na ciki. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da roba tamau. A cire zobe ko agogo, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutumin zuwa mota ba tare da ya taka ba, a nufi babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Don zafi a ba shi farasitamol kaɗai, asfirin da ibuprofen suna ƙara zubar jini.

A Kware a fara naɗe kaya da an yi sallar la'asar, a Wurno da Goronyo kuwa tun kafin nan. A kwashe leda da robar ruwa da ragowar zaren fatsa duka cikin buhu, domin leda tana kashe dabbar da ta haɗiye ta, zare kuma yana sarƙe ƙafar tsuntsu. A sallami yaron da ya zauna da ku, a koma a yi wa Sarkin Ruwa ban kwana. Daga Kware tashi da ƙarfe 5 ya isa. Daga Wurno a tashi da 4, daga Goronyo kuwa da 3, domin a watannin sanyi rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 6, kuma ana so taya ta fashe ma a canza ta a shigo birni da sauran haske.